Katin izinin aiki zai shigar da ni jirgi a cikin Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin Niyok, shekara ta uku ke nan. Na shigar da takardun neman mafaka, maganar tana gaban kotu, kuma an ba ni katin izinin aiki. Ƙanwata ta haihu a Kolombus ta jihar Ohayo, ina so in je in ga jariri, kuma a jirgi nake son tafiya. Fasfona ya mutu, lasin tuƙina kuwa an ce ba irin wanda ake shiga jirgi da shi ba ne. Wasu sun ce katin aikin ya isa, wasu sun ce kai kaina zan yi hannun masu kame. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da arziki, Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya.

Katin ya isa. Katin izinin aiki da hukumar kula da takardun shige da fice ta USCIS ke bayarwa, wanda mutanenmu ke ce wa wok famit, a takardun gwamnati kuma ake kiransa EAD ko I-766, yana cikin jerin shaidun da hukumar tsaron filayen jiragen sama ta TSA ta wallafa cewa tana karɓa daga fasinjan cikin gida. Sunansa na nan a rubuce a jerin, kusa da fasfon Amurka da koren kati (katin zaman dindindin) da fasfon ƙasashen waje. Shi kaɗai ya wadatar, ba sai ka haɗa shi da lasin tuƙi ko fasfo ba. Na daɗe ina taya mutanenmu cike takardun shige da fice a wata ƙungiyar al'umma, kuma na raka da dama filin jirgi da wannan kati a hannunsu, suka wuce lafiya. Sai dai waɗanda suka tsorata ka ma ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Tambayoyi biyu ne aka cuɗanya, shi ya sa kowa ke jan nasa ɓangaren.

Jami'in da zai karɓi katinka a bakin layin bincike abu ɗaya yake son ya tabbatar: mutumin da ke tsaye gabansa shi ne mai sunan da ke kan tikiti? An kafa TSA ne a watan Nuwamban 2001, bayan harin 11 ga Satumba, don hana a shiga jirgi da makami ko da sunan wani. Ba ita ke yanke hukunci a kan zamanka a ƙasar ba. Wannan aikin USCIS ne da kotunan shige da fice, kame da kora na hukumar ICE ne, iyakoki kuma na hukumar CBP ne. Abin da ke rikita mutane shi ne in ka cire kotun, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, sauran duk 'ya'yan gida ɗaya ne, wato ma'aikatar tsaron cikin gida. 'Yan gida ɗaya kuwa sukan yi magana da juna. Zan dawo kan wannan, don nan ne ainihin abin da ya kamata ka yi wa tunani.

Wanda ya ce maka lasinka ba zai yi ba, mai yiwuwa gaskiyarsa. Tun 2005 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar REAL ID, wadda ta gindaya wa jihohi sharuɗɗan bayar da lasin tuƙi da katin shaida. An yi ta ɗage fara aiki da ita shekara da shekaru, sai ranar 7 ga Mayun 2025 ta fara aiki a filayen jirgi. Daga ranar, lasin jiha da ake karɓa shi ne mai tauraro a kusurwar sama, ko kuma nau'in nan na musamman mai tuta da jihohi biyar ke bayarwa, ciki har da Niyok, wanda shi 'yan ƙasa kawai ake ba. Jihar Niyok tun 2019 take ba mazauna lasin tuƙi ba tare da duba matsayinsu na shige da fice ba, amma irin wannan lasi ana rubuta masa a sama cewa ba na harkokin tarayya ba ne. Ka duba naka, in ka ga wannan rubutu babu tauraro, to tuƙi kawai zai yi maka. Inda mutane ke kuskure shi ne su ɗauka cewa katin izinin aiki ma sai yana da tauraro. Maganar tauraro ta katunan jihohi ce. Naka gwamnatin tarayya ce ta buga shi da kanta, da hotonka da ranar haihuwarka, bayan ta ɗauki zanen yatsunka, saboda haka dokar tauraro ba ta shafe shi ba.

Akwai wasu takardu da mutanenmu ke cika jaka da su suna ganin za su yi amfani, alhali ba sa cikin jerin: katin soshal sikiyuriti mai lambar aiki da haraji, wanda ko hoto ba shi da shi, katin shaida na birnin Niyok, katin wurin aiki ko na makaranta, takardar lasin wucin gadi da ake ba mutum kafin na robar ya iso, da katin ɗan ƙasa na gida, na Najeriya ne ko na Nijar ko na Gana. Hoton katin izinin aiki a cikin waya ko kwafinsa a takarda shi ma ba ya maye gurbin katin. Na robar nan shi za ka miƙa.

Ɗauko katin yanzu ka dubi ƙasansa inda aka rubuta ranar ƙarewa. A nan na fi ganin an yi tuntuɓe, domin Amurkawa da wata suke farawa, sannan rana, sannan shekara. In ka ga 03/09, nufinsu 9 ga Maris, alhali idonmu da ya saba da rubutun gida 3 ga Satumba zai karanta. Kusan wata shida tsakani. Ka tabbata katin zai kai ranar dawowarka, ba ranar tafiya kaɗai ba.

To idan ya ƙare fa? TSA ta rubuta a shafinta cewa tana karɓar shaidun da ke jerin ko da sun ƙare, muddin ba su wuce shekara biyu da ƙarewa ba. A da shekara ɗaya ce, aka mayar biyu, wanda ya nuna maka cewa sassauci ne da hukumar ke iya canzawa duk ranar da ta ga dama. Ni ba na gina tafiya a kan sassauci. In katinka ya ƙare, ka buɗe shafin ka karanta da idonka ana jibi tafiya. Sannan kada ka ruɗa wannan da maganar ƙarin wa'adi na aiki. Shekarun baya, wanda ya nemi sabunta kati a kan lokaci, rasidin da USCIS ta aiko masa, wato I-797C, yakan ƙara masa izinin aiki kai tsaye, da farko kwana 180, daga baya har kwana 540. An dakatar da wannan ƙari ga akasarin waɗanda suka shigar da neman sabuntawa daga 30 ga Oktoban 2025. Ko a lokacin da yake aiki ma, rasidin don mai ɗaukarka aiki ne, ba shi da hoto, ba ya cikin jerin TSA. Ka riƙe shi a jaka, yana da amfani idan wani jami'in shige da fice ya tambaye ka, amma ba shi ke shigar da kai jirgi ba. Wani canjin da ya shafe ka kai tsaye: a 2023 an fara ba masu neman mafaka kati mai shekara biyar, amma a Disambar 2025 an rage wa'adin sababbin katuna zuwa wata 18. Wanda ya saba da dogon wa'adi sai ya riƙa duba kwanan wata.

Yanzu ga abin da na fi son ka saurara da kyau, domin a ganina ya fi hana mutanenmu shiga jirgi fiye da kowane jami'i: suna. Lokacin sayen tikiti kamfanin jirgi zai nemi cikakken suna da ranar haihuwa da jinsi, ya tura wa TSA tun kafin ka bar gida, a wani tsari da ake kira Secure Flight. Idan ka iso layi, na'ura za ta karanta katinka ta gwada da abin da aka turo. In sun saɓa, sai a mayar da kai kantar kamfanin jirgi a gyara, layi ya wuce ka, wani lokaci jirgin ma ya tashi. Mu kuwa tsarin sunanmu bai dace da akwatunan Turawa ba. Suna da gurbin sunan farko da na tsakiya da na iyali, mu muna da sunan yanka da sunan uba, wani ya ƙara na kaka, wani na gari, wani laƙabi. Mutum ɗaya sai ka ga Muhammad a fasfo, Mohammed a lasi, Mahamadou a takardar haihuwa in daga Nijar ya fito. Abubakar ya zama Aboubacar, Usman ya zama Ousmane, Abdul Rahman wani wuri a haɗe wani wuri a rabe. Wani an juya masa, sunan ubansa ya koma na farko. Wanda fasfonsa suna ɗaya ne tal, sau da yawa takardun Amurka kan sa masa FNU a gurbin sunan farko, ma'ana ba a san sunan farko ba, har ka ji ana kiran mutum da shi a asibiti kamar sunan yanka.

Dabarar mai sauƙi ce. Ka ajiye katin a gabanka lokacin sayen tikiti, ka kwafe abin da ke kai harafi da harafi, ko da kuwa kai ka san kuskure ne. Abin da aka rubuta a layin sunan iyali shi za ka sa a gurbin sunan iyali, na layin sunan farko a nasa gurbin. In FNU ne, FNU za ka rubuta. Filin jirgi ba wurin gyaran suna ba ne, gyara yana wajen USCIS. Kada ka sa Alhaji ko Malam a gaba. Ranar haihuwa ma haka: da yawa cikin dattawanmu an rubuta musu 1 ga Janairu saboda ba a san ranar ba, to ita za a sa a tikiti, ba wadda uwa ta faɗa ba. Na taɓa saya wa wani dattijo tikiti da kaina, na rubuta sunan da muke kiransa da shi a masallaci shekara da shekaru, ban nemi ya nuna mini kati ba don ina ganin na san shi. Sai a filin jirgi muka ga ashe sunan da na sa a farko shi ne na iyali a katinsa, kuma rubutun na Faransanci ne. Allah Ya taimaka mun je da wuri, aka gyara a kanta. Tun ranar ko ɗan cikina ne sai na ga kati kafin in saya masa tikiti. In ƙanwarka ko mijinta ne za su saya maka, tura musu hoton katin, kada ka faɗa musu suna a waya.

Abin da zai faru a layi ba shi da yawa. Za ka miƙa kati, jami'i ya sa shi a na'ura ko ya ɗora a kai. A filaye da dama akwai kyamara da ke ɗaukar fuskarka ta gwada da hoton kati. TSA ta ce wannan hoton ba dole ba ne, kana iya cewa ba ka so, a duba ka da ido, ba tare da ka rasa wurinka a layi ba. Idan na'ura ta ƙi karanta katin, kada hankalinka ya tashi, kada ka shiga dogon bayanin yadda ka shigo ƙasar. Ka tsaya, za a sake gwadawa ko a duba da hannu, in abin ya ja ka nemi a kira shugaban jami'an wurin cikin ladabi, ka ce katin I-766 ne kuma yana cikin jerinsu. An sauya fasalin katin a 2017, an sake sauyawa a Janairun 2023, amma tsohon fasali yana aiki har ranar ƙarewarsa, saboda haka kada ka damu in naka bai yi kama da na abokinka ba. In da iyali za ka, yaran da ba su kai shekara 18 ba TSA ba ta neman shaida daga gare su a tafiyar cikin gida. Mai hijabi ba a hana ta wucewa da shi, sai dai ana iya ƙara bincike, mace ce za ta yi, kuma tana da damar neman a yi a keɓe. Babbar riga kuwa shawarata ka ninke ta a jaka ka sa in ka isa Kolombus, don tufafi masu yalwa sukan jawo a laluba mutum. Tsarabar mai jego ma ka lura: duk wani abu mai ruwa ko maiƙo da ya wuce mililita 100, kamar zuma ko man shanu, a babbar jaka ta ƙarƙashin jirgi za a sa shi. Yaji da kuka da sauran gari suna wucewa a jakar hannu, amma in sun yi yawa za a buɗe a duba.

Ka ce fasfonka ya mutu. Fasfon ƙasar waje yana cikin jerin, kuma ga ɗalibi ko ma'aikacin da fasfonsa ke da rai, hanya ce mai kyau. Amma kai mai neman mafaka ne, kada ka ruga ofishin jakadancin ƙasarku sabunta fasfo saboda wannan tafiya. Wanda ya gaya wa kotu yana gudun ƙasarsa, sannan aka ga ya je ya karɓi sabon fasfo daga gwamnatinta, lauyan gwamnati na iya ɗaga maganar a gaban alƙali, musamman in gwamnatin ce ya ce yake tsoro. Ba kowace shari'a hakan ke lalatawa ba, amma magana ce ta lauyanka, kuma tunda kana da katin aiki babu abin da ya matsa maka.

Wanda ya je ba shi da ko ɗaya cikin shaidun jerin, daga 1 ga Fabrairun 2026 akwai tsarin da ake kira ConfirmID: ya biya dala 45, a yi ƙoƙarin tantance shi ta wata hanya, kuɗin kuma na tafiyar kwana goma ne. Biyan ba ya tabbatar da cewa za a bar shi ya wuce. Kai wannan bai shafe ka ba sai in ka manta katin a gida.

Mu koma ga masu cewa kai kanka za ka yi. Katin izinin aiki shaida ce cewa an yarda ka yi aiki na wani wa'adi. Ba biza ba ne, ba koren kati ba ne, kuma ba ya nufin shari'arka tana tafiya daidai. A fuskar katin akwai wata 'yar lamba da ke nuna dalilin ba ka shi. Naka zai zama C08, ta masu jiran hukuncin mafaka. C09 ta masu jiran koren kati ce, A05 ta waɗanda aka riga aka ba mafaka, C03B ta ɗaliban da suka gama karatu suna aikin koyon sana'a, A12 da C19 na masu kariyar wucin gadi ta TPS. Har akwai C18, wadda ake ba mutumin da aka riga aka yanke wa hukuncin kora amma aka sake shi ƙarƙashin sa ido. Kati iri ɗaya a ido, amma masu riƙe da shi ba a tudu ɗaya suke tsaye ba. Kuma tushen kati na iya rushewa shi yana aljihu, kamar yadda 'yan'uwanmu na Kamaru suka gani da aka kawo ƙarshen TPS ɗin ƙasarsu a Agustan 2025.

A Disambar 2025 jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa TSA tana tura wa ICE sunayen fasinjoji, ita kuma tana gwadawa da jerin waɗanda ke da hukuncin kora a kansu. Ana cikin wannan ne aka kama wata ɗalibar jami'a a filin jirgin Boston a Nuwambar shekarar, tana hanyar zuwa Tekzas ganin iyayenta, aka tasa ƙeyarta zuwa Honduras cikin 'yan kwanaki bisa wani tsohon hukunci da aka yanke tun tana yarinya. Abin lura a nan: ba katin da mutum ya nuna a layi ke jawo masa ba. Sunansa da ranar haihuwarsa sun riga shi isa tun kafin ya bar gida. Ko fasfo ya nuna, ko lasi mai tauraro, duk ɗaya ne. Saboda haka tambayar da ta fi wace shaida zan nuna muhimmanci ita ce, mene ne ke rubuce a fayil ɗina?

Wannan kuwa kana iya dubawa yau, kyauta. A fuskar katinka akwai lamba tara da aka rubuta wa USCIS#, ita ce lambar A da kotu ta san ka da ita. Kotunan shige da fice suna da shafin intanet da layin waya inda za ka sa lambar ka ga ranar zamanka na gaba, da ko alƙali ya yanke wani hukunci. Dalilin da ya sa nake nacewa shi ne hukuncin bayan ido. Mutum ya sauya gida bai sanar da kotu ba, ko an matso da ranar zama, takarda ta je tsohon adireshi, bai halarta ba, alƙali ya yanke masa kora ba ya nan. Shi yana ta zuwa aiki da katinsa mai rai, bai san an gama da shi ba. A zaman Bronx da mutum biyar ke amfani da akwatin wasiƙa ɗaya, kowa na tashi yana komawa wani ɗaki, wannan ba abin mamaki ba ne. Doka ta ce a sanar da kotu sauyin adireshi cikin kwana biyar, USCIS kuma cikin kwana goma, kuma sanar da ɗaya ba ya wadatar da ɗayar.

In ka duba ka ga shari'arka tana nan a buɗe da ranar zama a gaba, ba a taɓa kama ka da wani laifi ba, ba ka taɓa tsallake zaman kotu ko ranar kai kanka ofishin ICE ba, to kana cikin waɗanda tafiyar cikin gida ta saba zame musu ba komai, ko da yake a yanayin da ake ciki babu mai gaskiyar da zai yi maka rantsuwa. In kuwa ka ga hukunci, ko an taɓa korarka ka dawo, ko akwai maganar 'yan sanda ko da an ce an kashe ta, ko an ɗaura maka na'ura a ƙafa, ko an sa maka manhajar sa ido a waya mai iyakance inda za ka je, kada ka sayi tikiti sai ka zauna da lauya. Lauya nake nufi mai lasin aiki, ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi, ba mai shagon cike fom na bakin titi ba. Jariri yana nan, za a iya kawo maka shi.

Ko da komai naka daidai ne, ka tafi da kwafin rasidin neman mafaka da takardar ranar kotu a jakar hannu, lambar lauya kuma a rubuce a takarda, don waya na iya mutuwa ko a karɓe ta. In wani jami'in shige da fice ya tare ka, kana da damar yin shiru, kana da damar cewa sai ka yi magana da lauya, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: cewa kai ɗan ƙasar Amurka ne alhali ba haka ba. Wannan ƙarya tana iya rufe wa mutum ƙofar koren kati har abada. Haka nan aron katin ɗan'uwa don kun yi kama, wanda na san ana yi a wasu wuraren aiki, a filin jirgi babban laifi ne na tarayya, ga kyamara kuma tana kallo.

Tafiyarka Niyok zuwa Ohayo ce, cikin ƙasa sosai, amma tunda wasu za su karanta, ba kowace tafiyar cikin gida ce iri ɗaya ba. Filayen jirgi na kusa da iyakar Meziko, irin su McAllen da Brownsville da Laredo da El Paso a Tekzas, an saba ganin jami'an sintirin iyaka a cikinsu suna tambayar matsayin fasinja, haka ma shingayen kan hanyoyin mota na yankin. Hawayi da Alaska jihohi ne, zuwa can tafiyar cikin gida ce, sai dai mai zuwa Alaska ya tuna jirgi na bi ta saman Kanada ko gefenta, in larura ta sa ya sauka can an shiga wata magana. Puerto Rico yanki ne na Amurka, amma ana iya binciken matsayin mai dawowa daga can. Tsibiran Virgin na Amurka da Guam kuwa mai barinsu zuwa babban yankin ƙasar yakan bi ta hannun jami'an CBP. Mai shari'a a buɗe ya tambayi lauya kafin ya nufi waɗannan. Sannan a kula da tikiti mai araha da ke yada zango a Toronto ko Montreal na ƙasar Kanada. Da ƙafarka ta taka can ka fita daga Amurka.

Fita kuwa katin ba ya dawo da kai. A ƙasan akasarin katunan an rubuta da Turanci cewa ba a sake shigowa Amurka da shi. Wasu masu jiran koren kati ne kawai ake buga wa nasu da rubutun da ke nuna ya haɗa da izinin fita da dawowa, wanda ake nema da fom I-131. Mai neman mafaka da ya fita ba tare da wannan izini ba, doka na ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi watsi da buƙatarsa. Ga kuma takunkumin shigowa: na Yunin 2025 ya haɗa da Chadi da Sudan, na Disamba ya ƙara Nijar gaba ɗaya, Najeriya kuma a wasu nau'o'in biza. Waɗannan umarni sun shafi mai shigowa daga waje ne, ba su hana wanda ke ciki hawa jirgi daga jiha zuwa jiha ba.

Wasu sukan ce gara su bar katin a gida kada ya ɓace, tunda neman wani sai an sake cike fom I-765, a biya kuɗi, a jira watanni. Na fahimci tsoron, amma dokar shige da fice ta wajabta wa baƙon da ya kai shekara 18 ya riƙa yawo da shaidar rajistarsa, katin izinin aiki kuma yana cikin takardun da ake lissafawa a matsayin wannan shaida. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya ka ajiye, ka ba shi aljihu guda da ba ya sauyawa, kuma da jami'i ya miƙo maka shi ka mayar da shi wurinsa kafin ka fara zuba kaya a tire, don a nan ne katuna suka fi salwanta. In ka dawo, ka je ofishin lasin tuƙi ka tambayi ko takardunka za su ba ka lasi mai tauraro. Jihohi na ba baƙi masu izinin wucin gadi irinsa bayan sun tantance su ta tsarin SAVE na duba matsayin baƙi, wa'adinsa kuma yakan bi na takardun mutum. In ka samu, sai ya zama kana da shaida biyu.

Daga filin LaGuardia akwai jiragen da ke zuwa Kolombus kai tsaye, kamar awa biyu a sama, inda mota za ta ci maka awa tara zuwa goma. Ka ɗauki na kai tsaye ko da ya ɗan fi tsada, ka isa fili awa biyu kafin tashi, ka sa ranar dawowa ta ba ka tazarar kwanaki kafin duk wani zaman kotu, don jirgi na iya makara ko a soke shi, alƙali kuma ba zai jira ka ba. Amma kafin ka fitar da ko dala ɗaya, ka sa lambar nan tara a shafin kotu ka ga abin da zai fito. In ya nuna ranar zama a gaba, sai ka kira ƙanwar taka ka ce a ajiye maka naka naman sunan.